Hajiya ki bar ta ta je Jamus ɗin, amma a fara gama maganar kwasa-kwasanta

Wa alaikumus salam Hajiya, ya gida ya yara. Na karanta saƙonki har sau biyu, kuma na gane abu uku ne suka hana ki barci. 'Yarki da za ta shiga aji uku a sashen bayokemistiri an zaɓe ta ta je Jamus ta yi zangon karatu ɗaya a ƙarƙashin shirin musayar ɗalibai na Erasmus+ daga watan Oktoba, kina tsoron kar ta dawo a ce sai ta maimaita shekara, kina tsoron kuɗin da za a kashe duk da an ce muku kyauta ne, sannan Abbanta ya ce shi bai ga yadda za a yi yarinya 'yar shekara ashirin ta je ƙasar Turawa ita kaɗai ba. Toh bari in faɗa miki abin da na gani da idona, don na daɗe ina riƙe da aji a sashenmu nan Kaduna, na kuma riƙe ofishin jarabawa, ɗalibai sun bi ta hannuna sun yi irin wannan tafiyar sun dawo, wasu da murna wasu da hawaye.

Amsata dai ki bar ta ta tafi, ki kuma taya ta lallashin Abbanta. Amma akwai takarda guda ɗaya da in ba a gama da ita ba kafin ta hau jirgi to ni da bakina zan ce ta zauna, kuma a kanta zan fi daɗewa, saboda iyaye hankalinsu duk yana kan biza da rigar sanyi, alhali asarar ba a can ake yin ta ba, a nan gida ake yi, a ofishin shugaban sashe.

Da farko ki kwantar da hankalinki ta ɓangare ɗaya, Erasmus ba sabon abu ba ne, kuma ba irin tallan nan na 'yan ejan da ake turowa a WhatsApp ba ne. Tarayyar Turai ce ta fara shi tun 1987 don ɗalibanta su riƙa zagayawa tsakanin jami'o'insu, a 2014 aka haɗe shi da wasu shirye-shiryen ya koma Erasmus+, daga 2015 kuma aka buɗe ƙofar musayar ɗalibai ga ƙasashen waje irin tamu. Yadda yake tafiya shi ne jami'a biyu ne ke ƙulla yarjejeniya a tsakaninsu, ta can ce ke neman kuɗin, ta nan ce ke zaɓar ɗaliban ta tura sunayensu. Ɗalibi ba ya nema da kansa daga ɗakinsa, kuma ba a sayen gurbi. Don haka duk wanda ya ce ki turo wani abu na fom ko na riƙe mata wuri, ki riƙe jakarki da kyau. Ita yarinyar ta je da ƙafarta ofishin hulɗa da ƙasashen waje na jami'arsu ta ga sunanta a jerin da aka tura, ta kuma duba imel ɗin da ya zo mata daga adireshin jami'ar can ne ko kuwa. Kuma kar a rikita shi da Erasmus Mundus da kike ji ana ta murna a Facebook, wancan digiri na biyu ne cikakke, wannan kuwa zuwa ne a dawo, digirinta na nan gida ne, takardar shaidarta ma sunan jami'arta ta nan za ta fito da shi.

Yanzu ga maganar takardar. A cikin abubuwan da aka turo mata za ta ga wata an rubuta Learning Agreement a samanta, mu dai yarjejeniyar kwasa-kwasai muke ce mata. Tebur biyu ne a ciki, na farko kwasa-kwasan da za ta ɗauka a can, na biyu kwasa-kwasan nan gida da waɗancan za su tsaya a madadinsu. Mutum uku ke sa hannu, ita ɗalibar, da jami'arta, da jami'ar da za ta karɓe ta, kuma ƙa'idar shirin ita ce duk abin da aka sa wa hannu in ta ci shi a can to a lissafa mata shi a nan ba tare da an sake zaunar da ita wata jarabawa ba. A rubuce kam abin gwanin sha'awa. Inda gizo ke saƙar shi ne wa ya sa hannun a madadin jami'ar tata. Sau da yawa ofishin hulɗa da waje ne ke bugawa takardar hatimi don a yi sauri kar lokaci ya wuce, alhali su ba su ne ke haɗa sakamako ba. Sakamako a sashe ake haɗa shi, ya je taron tsangaya, ya je majalisar jami'a a amince. In mutanen sashe ba su san da maganar ba, ko sun sani da baki kawai, ranar da ta dawo za ta ga ana kallonta kamar yau aka fara jin labarin.

Akwai wani yaro da har yau in na tuna shi sai raina ya sosu. Haziƙi ne, ya je ya yi zangonsa ya dawo, ya zo ya zauna a kujerar da ke gaban teburina da fayil ɗinsa na roba mai kyau, transkirif ɗin can fes a ciki, yana ta juya shi a hannu yana cewa Malama amma fa duka na ci, ki duba ki gani. Na duba kuwa, ya ci. Amma kafin ya tafi da baki kawai ya yi magana da shugaban sashe, aka ce masa je ka abinka in ka dawo za mu san yadda za a yi, kafin ya dawo wa'adin wancan ya ƙare wani ya hau, babu takarda ko ɗaya a fayil da ta nuna an taɓa amincewa da wani abu. Da aka zauna aka gwada abin da ya karanta da manhajar nan sai aka ga kwas biyu na dole ba su da makwafi a cikin abin da ya ɗauko, ɗaya kuma sai an ci shi ake yin rajistar wani na gaba, gashi sau ɗaya ake koyar da shi a shekara. Abokansa suka tafi bautar ƙasa shi yana nan yana zuwa aji saboda kwas biyu. Ba wanda ya ƙi shi, ba wanda ya yi masa mugunta, takarda ce kawai babu. Tun daga kansa na ƙi yarda wani ɗalibi ya fita ta hannuna ba a rubuce ba.

Don haka ga abin da nake so ta yi, kuma yanzu, ba a fafe gora ranar tafiya. Ta shiga shafin jami'ar can ta sauke bayanin kowane kwas da take so, ba sunansa kaɗai ba, cikakken bayanin abin da ake koyarwa a cikinsa mako-mako da yadda ake jarabawarsa, ta buga a takarda. Ta ɗauko littafin manhajar sashensu ta jera su gefe da gefe, wannan zai tsaya a madadin wannan. Ta kai wa malamin da ke riƙe da ajinsu, daga nan wajen mai kula da jarabawa, daga nan shugaban sashe, in da hali ma malamin da ke koyar da kowane kwas na dole ya duba ya sa hannu a gefe cewa ya gamsu. Sannan ta rubuta wasiƙa ta hannun shugaban sashe zuwa sama tana neman izinin tafiyar da amincewa da musayar kwasa-kwasan, ta tabbatar an tattauna a taron sashe an shigar a rubutaccen bayanin taro, ta karɓi kwafi mai hatimi. Kwafi uku, ɗaya a fayil ɗinta na makaranta, ɗaya a jakarta, ɗaya a wajenki Hajiya ki sa a inda kike ajiye takardun gida. Za ta ji kamar tana takura wa malamai, ta yi haƙuri ta yi ladabi ta ci gaba da zuwa, mu ma mun fi son ɗalibin da ya dame mu kafin tafiya a kan wanda zai zo mana da kuka bayan ya dawo.

Wani abin da ke rikita mutane shi ne lissafin nauyin kwas. Su a Turai suna amfani da wani ma'auni da suke kira ECTS, shekara guda 60, zango guda 30, kuma kowane ɗaya yana nufin aikin awa 25 zuwa 30, har da karatun da ɗalibi ke yi shi kaɗai a ɗaki. Mu kuma yunit ɗinmu zaman aji yake ƙirgawa, lakcar awa ɗaya a mako tsawon zango shi ne yunit ɗaya, kuma ɗalibi yana ɗaukar 15 zuwa 24 a zango. Kinga ba sikeli ɗaya ba ne, kwas mai ECTS 6 a can ba ya nufin yunit 6 a nan. Sashe ne zai yanke yadda za a juya, kuma wannan ma a rubuta shi tun yanzu. Sannan akwai kwasa-kwasan da ba za ta taɓa samun irinsu a Jamus ba, irin su GST, wato darussan gama-gari da kowane ɗalibi ke ɗauka, da na koyon sana'a, waɗannan a yanke tun yanzu yaushe za ta ɗauke su, a duba ko za su shiga wani zangon ba tare da ta haura yunit 24 ba. Kuma dole ta yi rajistar wannan shekarar a nan ta biya kuɗin makaranta kamar kowa, don in fotal bai nuna ta yi rajista ba babu inda za a zuba mata maki.

Sa'ar da ta yi ita ce lokacin. Zangon farko na aji uku shi ne mafi dacewa a ganina, ta riga ta san fanninta, ba ta kai ga firojet ba, kuma a sassan kimiyya da yawa SIWES, wato fita koyon aiki a ma'aikatu, a zango na biyu na aji uku yake faɗowa, kinga ba a taɓa shi ba. Da a ajin ƙarshe ne da na ja miki kunne sosai. Amma a ɗauko kalanda biyu a ajiye a tebur. A Jamus zangon hunturu daga Oktoba ne zuwa ƙarshen Maris, lakca tana farawa wajen tsakiyar Oktoba ta ƙare cikin Fabrairu, jarabawa kuma tana iya kaiwa cikin Maris. Mu kuwa tun korona da yajin aikin ASUU na 2020 da na 2022, wanda ya ɗauki wata takwas daga Fabrairu zuwa Oktoba, kowace jami'a da nata kalandar, wata tana zangon farko wata tana na biyu. In ba a duba ba sai tafiyar zango ɗaya ta ci wutsiyar wannan ta ci kan wancan, ta rasa jarabawa a nan ko ta dawo an yi nisa ba ta cika kashi 75 na halartar aji ba. In an ga za a yi karo, jami'o'in can sukan yarda a yi wa ɗalibin musaya jarabawa da wuri in an roƙa tun farkon zango, amma fa sai an roƙa.

Sai harshe, kar a raina wannan. Yawancin kwasa-kwasan digirin farko a Jamus da Jamusanci ake koyar da su, na Turanci sun fi yawa a digiri na biyu. Ta tabbatar kowane kwas da ta zaɓa an rubuta da Turanci ake yin sa, kuma a zangon hunturu ake yin sa, don wani kwas ɗin yana cikin jeri amma sai bazara. In ta isa ta tarar an soke wani ko biyu sun yi karo a jadawali, akwai damar canzawa a cikin makonni biyar na farkon zango, amma canjin ma sai ɓangarori ukun nan sun sake amincewa, ba wai ta canza abinta ta yi shiru ba. Ta tura imel, ta ajiye amsar. Kuma ta shiga ajin koyon Jamusanci da suke buɗe wa baƙi ko da ba za a lissafa mata shi a nan ba, zai yi mata rana a kanti da tashar jirgi.

Karatun can ma ki gaya mata ya bambanta. Mu nan mun saba da tes da asamen suna ɗaukar maki 30 ko 40 kafin jarabawa, can kwasa-kwasai da yawa jarabawa ɗaya ce tal a ƙarshe, wani lokacin ma ta baka, ka zauna gaban farfesa yana tambaya kana amsawa. Ba mai bin ka, ba wakilin aji da zai tuna maka, ba handawut da za a ce daga nan za a fito da tambaya. Kuma shiga kwas daban, rajistar jarabawarsa daban, da ranar rufewa, in ta wuce ta wuce. Yaranmu da yawa watan farko sai su ga kamar hutu ake yi, sai Janairu ta zo ido ya raina fata.

Makinsu kuma a juye yake. A Jamus 1.0 shi ne ƙoli, 4.0 shi ne ƙarshen ci, 5.0 faɗuwa. Mu kuma 5 ce babba. Na taɓa shiga ofis na tarar da wani abokin aikina riƙe da transkirif ɗin wata yarinya yana girgiza kai yana cewa kai wannan ta je ta yi wasa, 1.3 da 1.7 kawai ta samo, wallahi da gaske yake har ya fara tausaya mata, sai da na juya masa bayan takardar inda suka yi bayanin ma'aunin ya ga ashe yarinyar ta yi abin a yaba ne. Faransa kan 20 suke yi, Italiya kan 30, Sifaniya kan 10, kowa da nasa. Don haka yadda za a mayar da makin zuwa A da B da C shi ma a amince da shi kafin tafiya, musamman in CGPA ɗinta, wato matsakaicin makinta gaba ɗaya, yana bakin 4.50 ko 3.50, inda ɗan motsi kaɗan ke canza ajin digiri gaba ɗaya.

Toh maganar kuɗi. Gaskiya ne ba za ta biya kuɗin karatu a can ba, kuma ana ba ɗalibin da ya zo daga ƙasa irin tamu alawus na wata tsakanin yuro 800 zuwa 900 gwargwadon tsadar ƙasar, da wani ƙayyadadden kuɗi na jirgi da ake lissafawa da nisan tafiya, in tikitin ya fi haka ku ne za ku cika. Kar ki buga lissafinsa da naira ki ga kamar za ta dawo da mota, a can kuɗin zama ne daidai wa daida, haya ce ke cinye mafi yawa, inshorar lafiya dole ce kuma ta haura yuro 100 a wata, sannan jami'o'in Jamus suna da wani kuɗin zango na walwalar ɗalibai wanda a wurare da yawa har da tikitin bas da jirgin ƙasa a ciki, ta tambaya ko zai hau kanta. Abin da ya fi kama iyaye ba shiri shi ne kuɗin ba ya zuwa kafin tafiya, galibi sai ta isa ta sa hannu ta buɗe asusun banki, kuma sukan riƙe wani kaso sai ta cike rahoton ƙarshe. Kenan fasfo, zirga-zirgar biza, wani lokacin tikitin ma, kuɗin ajiya na ɗaki da hayar watan farko, da abin da za ta ci na wata ɗaya zuwa wata ɗaya da rabi, duk daga aljihunku za su fara fita. Ta rubuta wa mai kula da shirin a can ta tambaye shi kai tsaye, yaushe kuɗin farko zai shigo, nawa ne, wa zai sayi tikiti. Ba abin kunya ba ne, su sun fi son a tambaya.

Biza ba zan daɗe ba. Zango ya haura kwana 90, don haka bizar Shengen ta ziyara ba za ta yi ba, ta dogon zama ake nema wadda suke kira nau'in D, kuma layin samun ranar ganawa shi ne ke cin lokaci, ranar da wasiƙar karɓa ta zo ranar za ta fara nema. Ta duba shafin ofishin jakadancin ta ga Abuja ne ko Legas za a kai takardun, in Abuja ne dai jirgin Rigasa ya wadatar. Amma ki duba min sunanta. Mu Hausawa wannan na ba mu wahala, a NIN Aishatu, a makaranta Aisha, a fasfo an sa sunan kaka a tsakiya, sunan uba nan Muhammad can Mohammed. A daidaita su tun yanzu, harafi ɗaya yana iya tsayar da mutum makonni. In ta isa kuma doka ce ta yi rajistar adireshinta a ofishin gari cikin mako biyu, da takardar shaida daga masu ɗakin.

Yanzu maganar Alhaji, kuma ni ban ga laifinsa ba, uba ne. Hukuncin tafiyar nasa ne da ke, ni abin da zan iya shi ne in gaya muku yadda zaman yake don ku yanke a kan sani. Abu na farko masauki. Ta nemi ɗakin ɗalibai ta hannun jami'ar tun ranar da aka buɗe nema, kar ta ce sai ta isa, ɗaki yana wahala a garuruwan jami'a kuma 'yan damfara sun yi yawa a intanet. Kuma ku sani da yawa daga gidajen ɗaliban kowa da ɗakinsa da makullinsa amma kicin da banɗaki na haɗaka ne, maza da mata a ɓangare ɗaya, su a wajensu ba komai ba ne. Ta rubuta ƙarara a fom cewa ɓangaren mata zalla take so ko ɗaki mai banɗakinsa, ta sake bin sa da imel. In an nema da wuri ana dacewa, in an yi shiru duk inda aka samu za a sa ta. Wannan amsar ita za ku fara nuna wa Alhaji a rubuce, ta fi duk wani lallashi.

Addininta kuma ba wanda zai hana ta. Jamus akwai Musulmi miliyoyi, Turkawa ne suka fi yawa, da wuya ki ga babban garin da babu masallaci da shagon naman halal, kuma jami'o'i da yawa akwai ƙungiyar ɗalibai Musulmi, ta neme su a makon farko. Da hijabinta za ta shiga aji, a lab ne kawai za a ce ta sa mai ɗaurewa wanda ba ya lilo saboda wuta da sinadarai. Ba zan ɓoye miki ba, za ta iya haɗuwa da mai kallon banza ko mai baƙar magana a bas, baƙar fata ce kuma mai lulluɓi, amma ba shi ne yawancin kwanakinta ba. Abin da ya fi buƙatar shiri shi ne lokutan salla a hunturu, a Disamba rana sai wajen takwas take fitowa, wajen huɗu ta faɗi, azahar da la'asar da magariba duk a matse suke cikin lokacin lakca, sai ta riƙa yawo da ƙaramar darduma ta san inda za ta raɓa. Azumin 2026 a Fabrairu ya kama kuma kowace shekara yana matsowa da kwana 10 zuwa 11, kinga zai iya haɗuwa da jarabawarta, sai dai yinin gajere ne ba irin namu na Afrilu ba.

Sanyin ba irin hunturunmu na Kaduna ba ne da ake hura wuta da safe rana ta yi a tuɓe suwaita. Amma kar ki kashe kuɗi a Kasuwar Barci kina tara mata riguna, ta tafi da mai kauri ɗaya da safa da na ciki, babbar rigar da takalmin ta saya a can. Ni abin da na fi jin tsoro ma ba sanyin ba ne, duhun ne da shirun. Yarinyar da ta tashi a gida cike da mutane, ana sallama ana fita, ta koma ɗaki ita kaɗai, ranar Lahadi shaguna a rufe, maƙwabci ba ya ƙwanƙwasa ƙofa. Wajen mako na uku ko na huɗu, in ɗokin ya wuce, za ta iya kiranki tana kuka ta ce ita gida za ta dawo. Don Allah Hajiya kar ki ce mata taho, kar kuma ki yi mata faɗa, ki saurare ta, ki tambaye ta me ta ci yau, wa ta yi magana da shi, ki tura ta ta fita ta je wajen 'yan uwanta ɗalibai. Yana wucewa. Kuma ga wani sauƙi, daga ƙarshen Oktoba zuwa ƙarshen Maris agogon Jamus da namu ɗaya ne, in ƙarfe takwas ce a Unguwar Rimi takwas ce a wajenta, ku sa lokaci guda kullum bayan isha'i, Abbanta ma ya riƙa karɓar wayar.

Kayan miya kam ki haɗa mata, kuka, busasshiyar kuɓewa, daddawa, yaji, a daka a ƙulle da kyau. Amma banda kilishi, banda dambun nama, banda man shanu, dokar Tarayyar Turai ta hana matafiyi shigo da nama ko kayan madara daga waje, za a ƙwace a filin jirgi kuma ana iya cin tararta. Ki koya mata karanta bayan kwali saboda alade da giya da ke shiga abubuwan da ba a zata ba. Kuma kar ta kuskura ta hau jirgin ƙasa ba tikiti don ta ga ba mai tsaron ƙofa, in masu dubawa suka shigo tarar yuro 60 ce.

Akwai maganar da nake yi wa kowane ɗalibi ido da ido kafin ya tafi, ita ma ki yi mata. Za ta haɗu da masu ce mata ke da kika samu kika shigo me za ki koma yi. Ta toshe kunnenta. Wanda ya maƙale ya zubar da digirin da ya yi shekara uku yana wahala a kai, ya zama mai ɓuya, sannan ya rufe wa na bayansa ƙofa, don jami'ar can in ta ga an turo mata mutum bai koma ba da wuya ta sabunta yarjejeniyar. Alhali in ta dawo ta gama da sakamako mai kyau hanyar komawa a buɗe take ta ƙofar gaba, wannan zuwan bai hana ta neman Erasmus Mundus ko tallafin DAAD, hukumar musayar ilimi ta Jamus, na digiri na biyu ba, sai ma ƙara mata nauyi da zai yi.

Shi ya sa nake cewa ta tafi. Yarinya mai karanta bayokemistiri da ta saba su ashirin a kan na'ura ɗaya, wani lokacin ma a allo ake zana musu gwajin saboda babu sinadarin ko babu wuta, ta je ta riƙe fifet, bututun nan na auna ruwan gwaji, da hannunta kullum, ta yi gwaji ya lalace ta sake, wannan ba abin da za a karanta a littafi ba ne. Na ga yadda suke dawowa, yarinyar da da ba ta iya ɗaga hannu a aji sai ki ga tana tambayar malami me ya sa aka yi kaza ba kaza ba. Ki ce mata tun a watan farko ta zaɓi malami ɗaya a can ta riƙa zuwa ofishinsa a lokacin da ya ware wa ɗalibai, ta nemi ko zai bar ta ta riƙa taimakawa a lab ɗinsa, don wasiƙar shaida daga wanda ya ga aikinta da idonsa ita ce za ta yi mata amfani nan da shekara biyu. Kafin ta baro kuma ta karɓi takardar shaidar kwanakin zamanta, ta san ta wace hanya transkirif zai iso da kuma wa za a aika wa, ta mayar da makulli a duba ɗakin a gabanta don kuɗin ajiyarta ya dawo.

Ranar Litinin dai ta ɗauki bayanan kwasa-kwasan can da littafin manhajar sashensu da kalandar jami'o'in biyu ta je wajen malamin ajinsu da sassafe kafin ya shiga lakca. In sun cike teburin ki turo min hotonsa in duba kafin a kai wa shugaban sashe, musamman kwasa-kwasan dole. Ki gaida Alhaji da kyau, Allah Ya yi mata albarka Ya kai ta lafiya Ya dawo mana da ita lafiya.